Babi na Biyar: Gwamnatin da Ta Toshe Kunnuwanta

A watan Satumba na 1945, wata huɗu bayan faɗuwar mulkin Hitler, aka fara rabon ƙasa a yankin Jamus da ke hannun sojojin Tarayyar Sobiyet. Duk mai gonar da ta haura hekta 100 an ƙwace masa ita ɗungurungum ba tare da diyya ba, haka ma gonakin waɗanda aka ɗora wa laifin yaƙi ko na jagorancin 'yan Nazi, komai ƙanƙantarsu. Abin da aka tara ya kai hekta miliyan 3.3. Wajen kashi biyu cikin uku aka yanyanka aka raba, inda iyalai sama da 200,000 suka wayi gari da gonar kansu, kowa da kimanin hekta 8. Akasarinsu barorin gona ne da iyayensu da kakanninsu suka tsufa suna yi wa masu ƙasa wahala, sai kuma 'yan gudun hijira da aka koro daga yankunan gabas da Jamus ta rasa a yaƙi. Aka damƙa musu takardun mallaka, aka ce ƙasar tasu ce, 'ya'yansu za su gada. Shekara 15 bayan haka, ranar 25 ga Afrilu 1960, Walter Ulbricht, shugaban jam'iyyar gurguzu ta SED mai mulkin wannan yanki da ya zama Jamus ta Gabas, ya tsaya gaban majalisar ƙasa ya sanar cewa an kammala shigar da manoma cikin gonakin gama-kai. 'Yan gurguzun da suka raba ƙasar su ne suka dawo suka tattare ta.

Masu ba da wannan labari sukan rabu gida biyu. Wasu na cewa noman haɗin gwiwa da masana'antar gwamnati ba sa taɓa yin albarka a ko'ina, wasu na cewa tsarin lafiyarsa ƙalau, ɓarnar yaƙi da matsin ƙasashen Yamma ne suka kayar da shi. A ganina duka biyun sun bar inda ciwon yake. Duk hukumar da ta ɗauki nauyin juya tattalin arzikin ƙasa dole ta riƙa sanin gaskiyar abin da ke faruwa a gona da masana'anta da kasuwa, kuma manyan ƙofofin da wannan sani ke shigowa guda biyu ne. Ta farko ita ce damar da mutum yake da ita ta ƙin shiga abu, ko ta ficewa idan ya ga ba riba, domin ƙafar mai fita saƙo ce ga mai mulki. Ta biyu ita ce farashi, wanda ke faɗin abin da kaya ya ci wajen yinsa da kuma yadda mutane ke son sa. Jamus ta Gabas ta rufe ƙofa ta farko da tilas da katanga, ta rufe ta biyu da doka. Daga nan ta ci gaba da tsara komai daga Berlin ba tare da wata hanyar gane kuskurenta ba, har kuskuren ya fi ƙarfin gyara.

Babu mai musun cewa sababbin manoman nan sun shiga tasku tun farko. An ba mutum hekta 8 babu doki, babu garma, babu rumbu, wani ma babu ɗakin kwana, kuma kafin 1952 dubun-dubatarsu sun mayar da gonakin. Haɗa kai abu ne da zai iya fisshe su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai gwamnati ba ta bar buƙata ta ja mutane da kanta ba. Tashoshin hayar tarakta da ta kafa a 1949 suna cajin manomi gwargwadon girman gonarsa, babba ya fi biyan tsada. Kowane manomi kuma akwai kason dole na hatsi da dankali da nama da madara da zai miƙa wa hukuma a farashi mai rahusa, kuma wanda gonarsa ta wuce hekta 20 an lafta masa kason da sau da yawa ba zai iya cikawa ba. Wanda ya gaza sai tara, ko kurkuku, ko ƙwace gona. A watan Yuli na 1952 babban taron jam'iyya ya ayyana fara gina gurguzu, aka shiga kafa ƙungiyoyin noman gama-kai da ake taƙaita sunansu da LPG. Ta farko an kafa ta a ƙauyen Merxleben na yankin Thuringia. Iri uku aka tsara: a mafi sauƙinsu filin noma kawai ake haɗawa, a mafi tsananinsu har da dabbobi da injuna da makiyaya, a bar wa iyali rabin hekta da 'yan dabbobi kaɗan. Waɗanda suka fara shiga yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne. Manoman da gonakinsu ke tafiya daidai sun tsaya a waje, kuma tsayawar tasu bayani ce ga mai son ji.

Haka aka bi da masana'antu, sai dai su an riga an fara da su. Ranar 30 ga Yuni 1946 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Saxony, inda sama da kashi 77 cikin ɗari suka amince a ƙwace kamfanonin 'yan Nazi da masu laifin yaƙi, kuma da wannan ƙuri'a aka kafa hujjar ƙwace kamfanoni a sauran yankuna. Daga 1948 aka riƙa kiransu kamfanonin mallakar jama'a, ko VEB a taƙaice. Shirin shekara biyar na farko, wanda ya fara a 1951, ya zuba ƙarfin ƙasa a kan narka ƙarfe da manyan injuna da sinadarai. A bakin kogin Oder aka gina sabuwar masana'antar ƙarfe da sabon gari, wanda aka raɗa wa sunan Stalin a 1953, yau kuma ake kiransa Eisenhüttenstadt. Kuɗin wannan aiki da na kafa runduna daga bakin talaka aka cire su. A watan Mayu na 1953 aka ƙara wa ma'aikata yawan aikin da za su cika da kashi 10 cikin ɗari ba tare da ƙarin albashi ba. Ranar 16 ga Yuni magina a Berlin suka ajiye kayan aiki, washegari kuma bore ya bazu zuwa garuruwa da ƙauyuka sama da 700, mutum kusan miliyan ɗaya suka fito. Tankokin yaƙin Sobiyet ne suka murƙushe shi, aƙalla mutum 55 suka rasa rayukansu. A wannan shekara kaɗai sama da mutum 330,000 suka tsallaka Yamma. Da aka ɗan sassauta matsin, ɗaruruwan ƙungiyoyin gama-kai suka watse da kansu. Darasin da shugabanni suka ɗauka daga nan shi ne ƙara yawan 'yan sandan ciki, da kuma tsoron taɓa farashin abinci har abada.

Ba wai an rasa masu faɗin gaskiya a cikin gida ba. A 1956, shekarar da mafi yawan gonakin gama-kai na ƙasar Poland suka rushe, masanin aikin gona na jam'iyyar SED, Kurt Vieweg, ya ba da shawarar a bar ƙungiyoyin da ba sa riba su watse, a kuma bar gonakin iyali su rayu kafaɗa da kafaɗa da na gama-kai. An yi tir da shi, ya ƙare a kurkuku. Zuwa ƙarshen 1959 abin da ke hannun ƙungiyoyin bai kai rabin ƙasar noma ba, sai jam'iyya ta yanke shawarar gama aikin da ƙarfi. A watanni ukun farko na 1960 aka tura ayarin ma'aikatan jam'iyya da na masana'antu da ɗalibai da 'yan sanda ƙauye-ƙauye. Sukan kafa motar lasifika a ƙofar gidan manomin da ya ƙi, su yi ta kiran sunansa, su shiga su fita dare da rana, su tono masa tsohon bashin kaso ko na haraji, har sai ya sa hannu a takardar da ke cewa ya shiga da son ransa. Manoma wajen 400,000 aka shigar cikin wannan ɗan lokaci. Dubbai suka bar gida da dabbobi suka gudu, wasu suka kashe kansu. Amfanin gona ya ja baya, nama da man shanu suka yi wuya a kantuna, alhali a 1958 Ulbricht ya yi alkawarin cewa nan da 1961 za a zarce Jamus ta Yamma a yawan abin da kowane mutum ke ci da sha. Daga 1949 zuwa 1961 mutum kusan miliyan 2.7 suka fice daga ƙasar. Ranar 13 ga Agusta 1961 aka fara gina katangar Berlin. Ta tsayar da gudun, ta kuma ɗauke wa gwamnati alamar da ta fi kowace nuna mata cewa akwai gyara.

Bahaushe ya san noman haɗaka tun kafin a haifi gurguzu. A tsarin gandu uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa a lokacin kansa. Abin da ke riƙe adalci a gandu shi ne maigida ya san cewa in ya zalunci ɗa, ɗan zai iya warewa. Manomin Jamus ta Gabas an bar masa gayauna amma an hana shi warewa: sunansa na nan a kundin mallakar ƙasa, sai dai ba shi da ikon janye gonarsa ko yanke abin da za a shuka a kanta. Kuma wannan rabin hekta, tare da lambunan mutanen gari, ya riƙa samar da kaso mai tsoka na ƙwai da zuma da naman zomo da 'ya'yan itace na ƙasar, domin a nan ne kaɗai gumi da lada suke haɗuwa kai tsaye. A manyan filayen kuwa umarni daga sama yake zuwa. An sa a shuka masara don koyi da Khrushchev shugaban Tarayyar Sobiyet, an sa a gina garken shanu marasa bango a ƙasar da sanyinta ke daskarar da ruwa, dabbobi suka sha wuya, madara ta ragu. A shekarun 1970, ƙarƙashin Gerhard Grüneberg mai kula da aikin gona a jam'iyya, aka raba noman shuka da kiwo zuwa ƙungiyoyi daban-daban, har matsakaiciyar ƙungiyar shuka ta haura hekta 4,000. Mai shanu ya koma jiran ciyawa daga wata ƙungiya, mai hatsi ya koma jiran taki, kashin dabbobi ya taru a wuri ɗaya yana gurɓata ruwa. Kowane tsohon manomi ya san dabba da gona ba sa rabuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma babu wanda ya tambaye shi.

Ƙofar farashi kuwa an rufe ta ne da kyakkyawar niyya, wato kada talaka ya rasa abinci da muhalli. Ƙaramin burodi ya zauna a kan fenik 5, ƙananan kuɗin ƙasar, shekara da shekaru, kuɗin hayar tsofaffin gidaje aka daskarar da shi a matsayin 1936. Gwamnati na sayen amfanin gona da tsada ta sayar da arha, ta cike giɓin daga baitulmali. Sakamakon haka burodi ya fi abincin dabbobi arha, mutane suka riƙa ciyar da aladu da kaji da shi. Mai lambu kan sayar wa hukuma zomo ko 'ya'yan itace, ya zagaya kanti ya saye su a ƙasa da abin da aka biya shi. Hayar gida ba ta isa gyaran rufi ba, tsofaffin unguwannin birane suka riƙa zubewa yayin da ake gina sababbi a bayan gari. A masana'anta kuma manajan da ake auna shi da cika adadin da aka rubuta masa ya koyi ɓoye ƙarfin injunansa don kada a ƙara masa kaso baɗi, ya koyi tara kayan gyara da ma'aikatan da ba ya buƙata saboda gudun ranar rashi. Alƙaluman da ke hawa zuwa Berlin an riga an gyara su kafin su isa. A 1963 aka gwada sabon tsarin da zai ba kamfanoni 'yancin lissafin riba, amma da ya fara taɓa ikon jam'iyya sai aka ja da baya. Erich Honecker da ya karɓi mulki a 1971 ya binne shi, a 1972 kuma ya mayar da sauran kamfanoni masu zaman kansu da na haɗin gwiwa wajen 11,000 hannun gwamnati. Su ne ƙananan masana'antun da ke saurin gane abin da kasuwa ke nema.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa don kare tsarin ita ce ta mugun mafari, kuma hujja ce ta gaskiya. Sobiyet sun kwance masana'antu da dama sun kwashe, sun cire layi na biyu na hanyoyin jirgin ƙasa, sun riƙe manyan kamfanoni wajen 200 suna ɗibar abin da suke samarwa, kuma biyan diyyar yaƙi bai tsaya ba sai farkon 1954. A daidai lokacin Jamus ta Yamma na karɓar tallafin Amurka na shirin Marshall. Gabas ba ta da kwal mai kyau irin na yankin Ruhr, sai kwal mai ruwan ƙasa maras ƙarfi, wanda ta kai ga haƙar tan miliyan 300 a shekara, hayaƙinsa ya turnuƙe garuruwa. Duk wannan yana bayyana dalilin da ya sa Gabas ta fara tseren a baya. Amma bai bayyana dalilin da ya sa tazarar ta ƙi rufuwa shekara 35 bayan an daina biyan diyya ba. Garin Zwickau kafin yaƙi shi ne gidan motocin Horch da Audi. A wannan gari aka riƙa ƙera Trabant samfurin 601 daga 1964 zuwa 1990 kusan ba canji, mai saye kuma ya jira sama da shekara 10. Injiniyoyin sun zana sababbin samfura, shugabannin jam'iyya suka hana. Kamfanin da layin masu jiransa ya kai shekara 10 ba shi da abin da zai tilasta masa gyara, kuma wannan ba laifin diyyar yaƙi ba ne.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya. Ana cewa ƙaramar gona dama kwananta ya ƙare, domin a Yamma ma gonaki sun ragu daga sama da miliyan 1.6 a 1949 zuwa ƙasa da 700,000 a 1989, kuma kasuwa ba ta fi jam'iyya tausayi ba. Ana ƙarawa da cewa gama-kai ya ba manomi abin da kakanninsa ba su taɓa samu ba: lokacin tashi daga aiki, hutun shekara, fansho, gidan renon yara, albashin mace na kanta. Wannan ma gaskiya ne, kuma 'ya'yan waɗanda aka tilasta a 1960 da yawansu sun girma suna son ƙungiyarsu, ita ke gyara hanyar ƙauye, ita ke gina zauren taro. Wanda ya raina wannan bai san wahalar noman iyali ba. Amma akwai bambanci tsakanin canjin da ya ɗauki shekara 40, iyali na yanke shawara ɗaya bayan ɗaya, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, mai bayar da haya ya karɓi hayarsa, da canjin da aka gama cikin wata uku da lasifika. Na farko yana barin gonar da ta iya ta rayu, a ga abin da ya sa ta iya. Na biyu ya share mai kyau da maras kyau tare, bai bar wani abin gwadawa da za a auna sabon tsari da shi ba. Su kuma alheran da aka lissafa, tambayar ita ce da me ake biyansu. A ƙarshen Oktoba na 1989 Gerhard Schürer, shugaban hukumar tsare-tsare, ya gabatar wa shugabannin jam'iyya rahoton sirri cewa abin da ma'aikacin Gabas ke samarwa ya gaza na Yamma da kashi 40 cikin ɗari, kuma tsayar da hauhawar bashin waje kaɗai zai buƙaci rage jin daɗin jama'a da kashi 25 zuwa 30. Daga baya lissafin babban bankin Jamus ya nuna bashin bai kai yadda rahoton ya zayyana ba. Wannan ma shaida ce: mutumin da ke tsara tattalin arzikin ƙasa kacokan bai san ainihin abin da ke asusunta ba.

Hujja ta uku ita ce cewa ba gurguzu ne ya kashe masana'antun Gabas ba, haɗewar Gabas da Yamma a 1990 ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Haɗa kuɗin ƙasashen biyu ranar 1 ga Yuli 1990, inda aka canza albashi ɗaya da ɗaya, ya tsadar da kayan Gabas dare ɗaya. Hukumar Treuhand, wadda aka ɗora wa sayar da kamfanonin gwamnati, ta karɓi kamfanoni wajen 8,500 masu ma'aikata kusan miliyan 4, ta sayar da wasu, ta rufe wasu, ta rufe littafinta a 1994 da giɓin da ya haura mark biliyan 250. Miliyoyin mutane sun rasa aiki, an yi gaggawa, an yi cuwa-cuwa, kuma raɗaɗin bai gama warkewa ba. Amma guguwar da ta kayar da masana'antu ta bi ta kan gonaki ma, kuma ƙarshensu bai zama ɗaya ba. Da doka ta ba kowane memba damar karɓar ƙasarsa, 'yan kaɗan ne suka koma noman kansu. Ƙungiyoyi da yawa suka sake rajista a matsayin ƙungiyoyin gama-kai na son rai ko kamfanoni, kuma har yau matsakaiciyar gona a gabashin Jamus ta ninka ta yammaci fiye da sau huɗu. Kada a ɗauki wannan a matsayin wanke tilas ɗin 1960. Mutanen da aka raba da garma shekara 30 ba su da rumbu ko jari ko magajin da za su koma da shi, wasu tsofaffin shugabannin ƙungiyoyi sun danne haƙƙin membobi wajen rabon kadara, kusan huɗu cikin biyar na ma'aikatan gona sun rasa aiki, kuma tallafin Tarayyar Turai ya taimaka. Duk da haka filayen nan da mutanen nan, da suka samu ikon zaɓar abin shuka da duba farashi da sallamar shugaban da ya gaza, sun tsaya da ƙafafunsu.

Abin da wannan tarihi ke tabbatarwa shi ne girman gona da haɗa hannu ba su ne cutar ba, kuma son kare talaka daga yunwa da tsadar haya ba abin kunya ba ne. Gwamnati na iya gina masana'anta, tana iya tallafa wa abinci, tana iya jan manoma su haɗa kai, muddin ta bar hanyoyin da za a gaya mata ta yi kuskure, ta kuma yarda ta ji. Tallafin da aka san adadinsa ana iya muhawara a kansa a rage ko a ƙara, amma wanda aka ɓoye cikin farashi yakan ci ƙasa ba a sani ba. Ƙungiyar da memba zai iya bari dole shugabanta ya kyautata, wadda ba a fita kuwa ba ta da dalilin gyara halinta. Shugabannin Jamus ta Gabas sun ɗauki kowane ƙin yarda a matsayin zagon ƙasa, kowane tashin farashi a matsayin barazana ga mulki, suka kawar da su duka biyun. Sun samu biyayyar da suka nema, kuma da ita suka sayar da damar sanin halin da ƙasarsu take ciki. Duk mai tsara wa manoma da ma'aikata rayuwa, a kowace ƙasa kuma da kowace aƙida, ya kamata ya fara da amsa tambaya ɗaya kafin ya sa hannu a shirinsa: idan na yi kuskure, wa ke da ikon gaya mini, kuma me zai same shi idan ya faɗa?